Yadda ake tantance rahoton muhalli na kamfani

Manyan kamfanoni suna fitar da rahoton muhalli duk shekara, cike da hotunan dashen itatuwa da jawabin shugaban kamfani. Ka tsallake waɗannan shafuka, ka nufi ƙarshen rahoton inda alƙaluma suke.

Fara da duba iyakar rahoton: waɗanne masana'antu aka ƙirga, waɗanne aka bari? Kamfani mai masana'antu biyar yana iya kawo lissafin uku kawai, ya ɓoye bayanin hakan a ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Duba kuma shekarar da ake gwada ci gaba da ita. Idan an zaɓi shekarar da hayaƙi ya fi yawa, duk abin da ya biyo baya zai yi kama da nasara.

Ƙa'idar GHG Protocol, wadda yawancin kamfanoni ke bi, ta kasa hayaƙi mai ɗumama duniya gida uku. Na farko, wanda kamfani ya fitar da kansa daga janareto, tanda da motocinsa. Na biyu, na wutar lantarkin da ya saya. Na uku, na masu kawo masa kaya, da jigila, da masu amfani da hajarsa. A banki ko kamfanin man fetur, na ukun ne ya fi kowanne girma, kuma shi aka fi yin shiru a kai.

Kana iya gwada lissafin da kanka. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.68 na iskar kabon. Kamfanin da ya ƙona lita miliyan ɗaya ya fitar da wajen tan 2,680 ke nan. Idan adadin da ya rubuta a kashi na farko bai kai haka ba, da lauje cikin naɗi.

Dabarar da ta fi yaudarar mai karatu ita ce a ce “mun rage hayaƙi kan kowane tan na kaya”. A ce an rage kashi 10 cikin 100 kan kowane tan, amma kayan da ake sarrafawa sun ƙaru da kashi 30. Ninka 0.9 da 1.3, za ka samu 1.17: jimillar hayaƙin ta ƙaru da kashi 17. Kullum nemi jimilla.

Batun ruwa da halittu ya fi wuya, domin ba a auna shi da ma'auni ɗaya. Tsarin TNFD, jagorar bayar da rahoto kan ruwa, ƙasa da halittu, da aka fitar a watan Satumba na 2023, ya nemi kamfani ya faɗi wuraren da ayyukansa ke shafar muhalli. Masana'antar jima a Sharaɗa ko Challawa a Kano, alal misali, ya kamata ta faɗi yawan ruwan da take ɗiba, inda take zubar da gurɓataccen ruwa, da sakamakon gwajin sinadarin kromiyam a bakin magudana, wata bayan wata. Matsakaicin shekara yana lulluɓe ranakun da injin tace ruwa ya tsaya. Dashen itatuwa kuwa, tambayar ita ce nawa suka rayu bayan rani biyu, kuma wane iri ne. Itacen turare dubu ba ya maye gurbin ɗorawa da kuka da gawo da aka sare.

Sai ka nemi takardar mai bincike na waje. Karanta ta da kyau, domin sau da yawa alƙaluma biyu ko uku kawai ya duba, ba rahoton duka ba.

A Najeriya, dokar tantance tasirin ayyuka kan muhalli ta 1992 ta wajabta nazari kafin fara manyan ayyuka. Rubuta wa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ka nemi kwafin nazarin a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Idan abin da aka yi alkawari a nazarin ya saɓa da abin da ke ƙasa, kai ƙorafi ga NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, ko NOSDRA, hukumar kula da malalar mai, idan malalar mai ce, tare da hotuna masu kwanan wata da sunan wurin.