Yadda ake binciken share fage kafin a fara furojet

Abin da ke kashe yawancin ɗalibai shi ne gaggawar kai take wurin sufabaiza. Ya sa hannu, ka yi murna, sai an zo babi na biyu, na bitar ayyukan da sunka gabata, ido ya raina fata don babu abin karantawa, ko kuma ka tarar mutum biyar sun riga ka.

To kafin ka rubuta take ko guda, tafi sashenku ka roƙi a buɗe maka inda ake aje kundayen waɗanda sunka gama. Nan ne aikin yake, ɗan'uwa. Kada ka tsaya karanta bango kawai, buɗe babi na biyar ka duba shawarwarin da sunka bari don bincike na gaba, sau da yawa takenka na nan kwance yana jiranka. Sannan ka juya shafukan ƙarshe wurin manazarta, duk sunan da ka ga ya maimaitu a kundi uku ko huɗu to wannan dole ne ka nemo aikinsa ka karanta da kanka, ba ka kwafo abin da wani ya ce ya faɗa ba. Misali kana son yin aiki kan albasa, in ka tarar an sha yin noma da kasuwanci, koma kan yadda ake adana ta bayan girbi a Goronyo kawai, ƙaramar hukuma guda ta ishe ka.

Daga nan sai laburare. 'Yan Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ga Laburaren Abdullahi Fodiyo, masu tarihi da Hausa da Larabci kuma su leƙa cibiyar Waziri Junaidu cikin garin Sakkwato don tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Sai Google Scholar da AJOL, shafukan intanet na neman maƙalun bincike, ka riƙa sauke PDF da dare lokacin da data ke da sauƙi, ba sai ka ƙarar da kuɗinka wurin fotokwafi ba.

Ni dai doka ce wurina: duk abin da ka karanta rubuta sunan marubuci, shekara, mujalla da lambar shafi nan take a littafi guda, ko ka sa Zotero, manhajar aje manazarta, kyauta ne.

Ka kuma tambayi kanka wa zai ba ka bayanai, kuma kuɗin mota nawa ne zuwa wurinsu. In amsar ta zauna, tsara take uku da 'yar matsalar bincike ƙarƙashin kowane, ka kai wa Malam.