Yadda Ake Kamun Kifi da Fatsa a Bakin Teku a Ƙarshen Lokacin Zafi

Teku ba ya ɗaukar zafi da wuri kamar tudu, kuma in ya ɗauka ba ya saurin saki. Shi ya sa a ƙasashen arewacin duniya masu zafi da hunturu, sai ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba ruwan gaɓa ke kai matuƙar ɗuminsa. A nan ne za ka ga mutum ya yini a rana riƙe da sandar fatsa, ya koma gida kularsa wayam, yana cewa kifi ya ƙare. Kifi yana nan daram. Lokacin cin abincinsa ne ya sauya, da wurin da yake laɓewa.

Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. Lita ɗaya ta ruwan teku a digiri 10 tana ɗauke da kusan miligiram 9, amma a digiri 30 da ƙyar take wuce 6. To babban kifi, da rana ta take, sai ya gangara inda ruwa ke da zurfi da sanyi ya kwanta. Duk dabarun da ke tafe a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko tun a gida ake yinsa: buɗe jadawalin cikar teku da janyewarsa na wurin da za ka je. A yawancin gaɓoɓi teku na cika sau biyu a rana, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma kowace rana lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Abin da kake nema shi ne ranar da gudun ruwa ya haɗu da asuba ko magariba. Daga janyewa zuwa cika kusan awa 6 ne, amma ruwan ba ya shigowa daidai wa daida. Awa ta farko rarrafe yake yi, a awa ta uku da ta huɗu kuwa rabin ruwan gaba ɗaya ke shigowa. Wannan gudun shi ke kwaso ruwa mai sanyi, ya tono ƙaguwa da jatan lande daga yashi, ya tayar da kifi daga kasala. Kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa ruwa ya fi gudu. In ruwa ya tsaya cak, a ƙarshen cika ko ƙarshen janyewa, lokacin shan ruwa ne da gyaran zare.

Na biyu, kuma shi ne mutane suka fi ƙyuya a kansa: je ka ga wurin lokacin da ruwa ya janye, ko da babu fatsa a hannunka. Tsaya a kan tudu ka kalli raƙuman ruwa. Inda suke fashewa su yi farin kumfa nesa da gaɓa, tudun yashi ne a ƙasa. Tsakanin wannan kumfar da inda kake tsaye, in ka ga ruwan ya yi duhu ya lafa, kwari ne, kuma nan kifi ke bi in ruwa ya dawo. Sai ka nemi inda layin kumfar ya yanke, ruwa na fita ta nan kamar ƙorama. Wannan ƙofa ce, manyan kifaye na tsayawa a gefenta suna jiran abin da ruwa zai kawo musu. Yi alama da wani dutse ko itace a bayanka, don in teku ya cika duk zai rufe. Kada dai ka shiga ruwa a wannan ƙofar, ita ce ke jan mutane zuwa cikin teku.

Sau da yawa wannan kwarin bai wuce taku ashirin daga ƙafarka ba. Masu tinƙaho da nisan jifa kan wurga ƙugiyarsu ta saman kan kifin, ta faɗa inda babu komai. Fara jifa kusa, ka riƙa ƙara nisa.

Na uku, abin da za ka sa a ƙugiya. 'Ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe a farkon shekara yanzu sun kai tsawon yatsa, suna fitowa garke-garke daga bakunan koguna. Manyan sun saba da wannan girman, don haka in kifin roba ko na ƙarfe za ka yi amfani da shi, zaɓi ƙarami mai ƙyalli. In ɗanyen abu ne, jatan lande ko yankan kifi, ajiye shi a ƙanƙara, ka fito da kaɗan-kaɗan, domin rana na narkar da shi har ya ƙi zama a ƙugiya. Ruwa kan yi garau a wannan lokaci, kifi na ganin zare, sai ka ɗaura siririn zare marar launi, kamar kamu biyu, kafin ƙugiya. Dalmar da ke nutsar da ƙugiya kuwa, sa mafi ƙanƙanta da za ta iya zama a ƙasa.

Idonka ya kasance a kan tsuntsaye. In ka ga suna shawagi wuri guda suna faɗawa ruwa, ƙananan kifaye na tsalle kamar an watsa tsakuwa, manya ne suka taso su daga ƙasa. Jefa a gefen garken, ba tsakiyarsa ba, ka bar ƙugiyar ta ɗan nutse kafin ka fara naɗewa.

Sai sama. Hadarin la'asar ya yawaita a wannan lokaci, kuma sandar fatsa doguwa, musamman ta kabon, ba abin ɗagawa ba ce in ana walƙiya. Ka ji tsawa, ka naɗe. A gaɓar Atlantika, guguwar teku ta fi ƙarfi wajen 10 ga Satumba, kuma ko tana can nesa takan turo manyan raƙuman ruwa a ranar da sama ke wasai. Kafin ka fita kuma, bincika dokar wurin, domin ƙasashe da yawa na neman lasisi, suna kuma ƙayyade girman kifin da za a ɗauka da yawansa.

Kifin da za ka saki, jiƙa hannunka, ka cire ƙugiya yana cikin ruwa in zai yiwu, don a ruwa mai ɗumi kifin da ya galabaita ba ya saurin farfaɗowa. Wanda za ka ci, yanka shi a wajen maƙoshi jini ya fita, ka nutsa shi nan take cikin ƙanƙara da aka zuba wa ɗan ruwan teku. Kifin tuna da na makarel su ne abin tsoro: in suka daɗe cikin zafi, sinadarin histamin na taruwa a namansu, ya sa mai ci ƙaiƙayi da ciwon kai, kuma dafuwa ba ta kashe shi. In ƙaya ko ƙugiya ta soke ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta tun a bakin teku, domin ƙwayoyin cuta na Vibrio sun fi yawa a ruwan gishiri mai ɗumi. In wurin ya kumbura ya yi ja kafin gari ya waye, asibiti za ka nufa.