Yadda Za Ka Zaɓa Wa Mahaifiyarka Kyautar Da Za Ta Sa Ta Tsaya Da Ƙafarta

Atamfa da leshi da turare kyauta ce mai kyau, babu mai ja. Amma buɗe akwatin yawancin iyayenmu mata a nan Bauchi, waɗanda suka haura shekara 45, za ka tarar da turamen da ba a ko ɗinka ba, suna jiran bikin wata 'yar ƙanwa a kai su gudummawa. Ita kuwa mai akwatin, in za ta je gaisuwar mutuwa Azare, sai ta jira wani ya turo kuɗin mota. Kyautar da nake nufi ita ce wadda za ta sa uwa ta riƙa biyan buƙatarta ba tare da ta buɗe baki ta roƙi ɗan da ta haifa ba. Ga yadda ake zaɓenta.

Da farko, kada ka tambaye ta kai tsaye. In ka ce, "Inna, me kike so in saya miki?" amsar a shirye take: "Allah ya yi maka albarka, je ka kula da iyalinka." In kai ne ɗan fari ma, alkunya ba za ta bar ta ta dube ka ba. Sai ka zauna a tsakar gida ka zuba ido. Duba yadda take miƙa hannu nesa kafin ta iya karanta Alƙur'ani, ko yadda take kiran jika ya zura mata zare a allura. Duba yadda take dafa bango in za ta tashi daga gaban murhu, idanu jajur da hayaƙi. Saurari abin da take yawan maimaitawa: "Da ina da injina, da ban aiki yaro har bakin titi ba." Abin da ya ɓuya maka, tambayi aminiyarta ko 'yar autarta. Su ne take gaya wa gaskiya.

Mataki na biyu shi ne lafiya, kuma ni a ganina shi ya kamata ya riga jari. Daga shekara 40 ganin kusa yana raguwa a wurin kusan kowa, ba ciwo ba ne, girma ne. Tabaran karatu kaɗai kan mayar wa mace ɗinkinta da karatunta da lissafin cinikinta. Sai dai kada ka saya a gefen hanya ka kawo. Kai ta sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ko Asibitin Ƙwararru a auna, domin a nan ne ake gano hawan jinin ido, wanda ke cin gani a ɓoye. A wannan zuwan a auna mata jini da sukari. Idan awo yana kai 140/90 ko fiye a lokuta daban-daban, magana ta koma hannun likita. Na'urar awon jini ta gida, irin wadda ake ɗaurawa a dantse, kyauta ce da ba ta da ƙyalli, amma tana iya tare shanyewar ɓarin jiki tun kafin ya zo. Ka kuma je ofishin BASHCMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ka tambayi yadda ake yin rajista. Uwar da ke da katinta ba ta ɓoye ciwo don gudun ɗora wa 'ya'ya nauyi.

Sai batun sana'a, inda aka fi yin kuskure. Mutum ya ga keken ɗinki a Kasuwar Wunti ya burge shi, ya saya wa matar da ba ta taɓa taka keke ba, ga ciwon gwiwa. Bayan wata shida keken ya zama wurin ajiye kwanuka. Ka gina a kan abin da hannunta ya riga ya sani. Idan mai masa ce, kuma kowa ya san sunan da masar Bauchi ta yi, duba inda ribarta ke zurarewa: kuɗin markaɗe, itace, da shinkafar da take saye mudu-mudu. Tanda babba da tukunyar gas da buhun shinkafa guda daga kasuwar Muda Lawal za su ɗaga ta fiye da sabuwar sana'ar da sai ta koya daga tushe. Idan mai ƙuliƙuli ce, injin markaɗe zai rage mata wahala, ya kuma kawo kuɗi daga maƙwabta. Amma tambayi kanka, wa zai tayar da injin, wa zai gyara shi? In babu amsa, ka ƙara mata aiki ne kawai. Haka firiza: in wuta ba ta zama a unguwarku, ko dai ka haɗa da sola, ko ka haƙura.

Kiwo yana da daɗi ga macen da ba ta son hayaniya. Akuya na ɗaukar ciki wata 5, kuma sau da yawa tagwaye take haifa. Je kasuwar dabbobi da wanda ya san gane shekarun dabba ta haƙori, ka sayi akuyoyi mata biyu masu ƙuruciya, a yi musu rigakafi, ka haɗa da dusa da harawar da za ta kai su damina. Akuyar da aka kawo babu abinci, daga kuɗin cefanenta za ta ci.

Mataki na huɗu shi ne wanda na fi damuwa da shi: abin ya zama nata, ita kaɗai. A gidanmu na Hausa kayan uwa kayan kowa ne. Ka saya mata waya, bayan mako guda tana hannun ƙaninka. Ka ba ta jari, dangi su cinye shi da "Goggo, a ba ni bashi zuwa ƙarshen wata." Saboda haka a rubuta rasit da sunanta. Layin waya a yi masa rajista da lambar NIN ɗinta, asusun banki da BVN ɗinta, lambar sirri kuma ita kaɗai ta sani, ko kai kada ka nema. Zauna da ita ka koya mata duba kuɗi da turawa, yau kaɗan gobe kaɗan, ba tare da tsaki ba, ka kuma ja mata kunne kada ta karanta wa kowa lamba ta waya ko da ya ce daga banki yake. Malamai sun ce kyauta ba ta cika sai ta shiga hannun wanda aka yi wa, kuma dukiyar mace tata ce a shari'a. Don haka miƙa mata a gaban 'yan'uwa, ka faɗa a fili: "Wannan na Inna ne."

Kafin ranar, sanar da Baba, ka nemi albarkarsa. Idan akwai abokiyar zama a gidan, kada ka shigo hannu rabbana ta ɓangarenta. Ko turmi ɗaya ne ka riƙo mata, don kada alherinka ya zame wa mahaifiyarka abin gori.

Wata uwar kuma ba kuɗi ne a ranta ba. Burinta ta sauke Alƙur'ani, ko ta iya rubuta sunanta. Biya mata Islamiyyar matan aure da kuɗin Keke Napep na zuwa da dawowa, ka samo wanda zai kama mata aikin gida a lokutan karatu. Idan Makka ce a ranta, buɗe mata asusun adashin gata na aikin Hajji da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta tsara, ku 'ya'ya ku riƙa zubawa duk wata, ita ma ta zuba nata daga ribarta.

Bayan ka bayar, janye hannunka. Kada ka riƙa zuwa kana tambayar ina riba, ina uwar kuɗi. Idan ta sayar da ɗan akuya ta yi wa jika kayan Sallah, haƙƙinta ne. Abin da ya rage gare ka shi ne ka leƙa bayan wata guda ka ji ko gas ya ƙare ko injin yana ba da matsala. In ka aika a karɓo maka masa daga wurinta, ka biya kuɗinta cif kamar kowane mai saye, ka kuma gaya wa ƙannenka su ma su biya.