Darasi na Bakwai: Yadda Ake Zaɓen Bindigar Toka Mai Ɗuri ta Baki

Bindigar da ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki iri biyu ce idan aka leƙa cikin bututunta. Akwai mai sumul ciki, akwai kuma wadda aka yi wa tsaga-tsaga masu murɗewa tun daga gindi har baki. Kan ta biyun za mu yi magana. Murɗin nan ne ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ya miƙe inda aka auna. Mai sumul ciki da ƙyar take riƙe saiti bayan mita 50, mai murɗi kuwa a hannun gwani tana kai mita 100.

Kafin ka ba da kuɗinka, san dokar ƙasar da kake. Wasu ƙasashe sai da lasisin bindiga da kuma izinin ajiye albarushi daban.

Faɗin baki

Lambar da ake bugawa a jikin bututu, kamar .36 ko .50, faɗin ramin ne a ma'aunin inci. Wato .50 rabin inci ke nan. Don ƙananan namun daji irin su zomo, .32 ko .36 ta wadatar, ba ta cin albarushi kuma ba ta ɓata nama. Don harbin allo da dabba matsakaiciya, .45 ko .50. Manyan dabbobi sai .54 zuwa sama. Wanda zai mallaki guda ɗaya tak, shawararmu ya ɗauki .50, domin kayanta sun fi sauƙin samu. Dunƙulen dalmarta faɗinsa .490 ne, nauyinsa wajen giram 11 da rabi. Ɗan gibin da ya rage ana cike shi da ƙyallen auduga mai kaurin .015 wanda aka shafa wa mai.

Murɗin cikin bututu

Nan ne mafi yawan masu saye ke yin asara, domin ido yana kan adon tagulla da ƙyallin katako, ba a tambayi murɗi ba. Idan aka rubuta 1:66, ana nufin harsashi zai juya sau ɗaya a tafiyar inci 66. Wannan murɗi ne mai sanyi, kuma shi dunƙulen dalma ke so, daga 1:60 zuwa 1:70. Dogon harsashi mai tsini yana son murɗi mai sauri, kamar 1:28 ko 1:32, in ba haka ba sai ya riƙa wuntsilawa a iska, ya huda allo a karkace. Shi kuwa 1:48 tsaka-tsaki ne, yana ɗaukar duka biyun daidai gwargwado.

Me zai faru idan ka ɗura dunƙule da albarushi mai yawa a bututu mai saurin murɗi? Ƙyallen zai kasa riƙe tsagar, ya yage, harbi ya watse. Ga yadda za ka gane. Bayan harbi, taka 'yan taku gaba ka tsinto ƙyallen a ƙasa. Idan ka same shi lafiya, da baƙin zobe a tsakiya da gefe ɗan buzu-buzu, ɗurinka ya yi. Idan ya ƙone ko ya huje, wuta tana zurarewa ta gefen dalmar: ko ƙyallen ya yi siriri, ko mai ya yi kaɗan, ko albarushi ya yi yawa.

Bindigar Hawken ta kamfanin Thompson/Center 1:48 ce. Great Plains ta kamfanin Lyman 1:60 ce, an yi ta ne don dunƙule. Bindigar sojan Ingila, Enfield ta 1853, mai faɗin .577, ta fita daban. Murɗinta 1:78 ne, amma tana harba harsashin Minie mai ramin gindi, wanda wuta ke buɗawa ya kama tsagar.

Ƙanƙara ko hula

Ta fuskar kunna wuta ma iri biyu ce, mai ƙanƙara da mai hula. Mai ƙanƙara ita ce tsohuwa. Guduma tana riƙe da dutsen ƙanƙara, ta ƙyasta shi a jikin ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan kasko mai garin albarushi, wuta ta bi ta ƙaramar huda zuwa ciki. Mai hula ta biyo bayan binciken Alexander Forsyth, wani limamin coci a Sukotland da ya yi rajistar fasaharsa a 1807. A nan ana kifa 'yar hular tagulla, galibi mai lamba 11, a kan ɗan tsini mai huda, guduma ta doke ta.

Mai koyo ya fara da mai hula. Ta fi jure damshi, kuma babu walƙiyar wuta kusa da ido da za ta sa shi firgita ya goce saiti. Mai ƙanƙara tana da daɗin sha'ani ga wanda ya iya ta, amma ba ta yafe arha. Idan ƙarfen da ake ƙyastawa bai sha wuta ya yi tauri ba, ba zai ba da tartsatsi ba, kuma da sabon dutse da tsoho duk ɗaya ne. Gwada ta ba ɗuri a wuri mai ɗan duhu: tartsatsi ya zubo da yawa, ya sauka cikin kaskon. Kada kuma a cika kaskon ya rufe hudar, domin wuta za ta riƙa ci a hankali, harbi ya yi jinkiri. Kashi ɗaya cikin uku ya isa.

Doguwa ko gajera

Doguwar nan da ake kira Kentaki, maƙera 'yan asalin Jamus ne suka fara ƙera ta a Fensilbaniya ta Amurka a ƙarni na 18. Bututunta kan kai inci 40 ko fiye, tsawon yana taimaka wa ido wajen saiti, sai dai tana rinjaya gaba kuma tana wahalar juyawa a kurmi. Hawken kuwa 'yan'uwa biyu ne, Jacob da Samuel, suka riƙa ƙera ta a birnin Sent Luwis na Amurka tun shekarun 1820. Ta fi gajarta, bututunta mai kauri ne, katakonta ya tsaya a rabi. Ɗauki kowace ka ɗora a kafaɗa ka riƙe na ɗan lokaci. Wadda hannunka ya fara rawa da ita ba taka ba ce. Dubi gindin ƙotar ma: mai lanƙwasa kamar jinjirin wata a dantse ake ɗora shi, kuma da ɗuri mai nauyi haurinsa yana da ciwo.

Albarushin da take ci

Baƙin albarushi ko madadinsa da aka yi don irin wannan bindiga, shi ke nan. Albarushin zamani marar hayaƙi yana tarwatsa bututu, ko kaɗan kada ya shiga. Lambar F tana nuna laushin garin, yawan F ƙarin laushi: mai lamba FFg na .50 ne zuwa sama, FFFg na ƙanana, FFFFg na kasko kawai. Madadi irin su Pyrodex yana wuyar kamawa a mai ƙanƙara, don haka idan ba ka samun baƙin na ainihi, ka riga ka san wadda za ka saya. Ga .50 a fara da giren 50 a ma'auni (giren shi ne ƙaramin awon da ake auna albarushi da shi), a riƙa ƙara biyar-biyar, kada a wuce iyakar da kamfani ya rubuta. A zuba daga ma'auni, ba daga gora kai tsaye ba, domin ragowar wuta a bututu na iya kama gorar duka a hannunka.

Idan ta hannu za ka saya

Ɗauka cewa a ɗure take, domin sau da yawa ana ajiye su haka a manta. Juya bakin inda babu kowa, zura sandar ɗuri har ta tsaya, yi mata alama a daidai baki, sannan ka fito da ita ka gwada ta waje. Idan ba ta kai wurin hudar wuta ba, akwai abu a ciki.

Haska fitila cikin bututu. Tokar albarushi tana jan damshi, wanda bai wanke da ruwa ya shafa mai a ranar harbi ba, tsatsa ta riga ta yi masa ramuka. Sai ka tura ƙyalle mai matsewa a hankali. Idan ya zo wani wuri ya saki, sannan ya sake matsewa, bututun ya kumbura, alamar an taɓa harbi dalma ba ta zauna kan albarushi ba. Wannan a bar ta ko da kyauta ce. Ja guduma zuwa rabi ka danna kunama: bai kamata ta faɗi ba. Duba wuyan ƙota ko akwai tsagewa, duba tsinin hula ko hudarsa ta zaizaye ta yi faɗi, domin idan ta yi, wuta tana dawowa baya har ta ɗaga guduma. Tsini ana sauya shi da araha. Tsohuwar bindiga ta ainihi kuwa, ko wadda ba a san maƙerinta ba, kada a ɗura ta sai ƙwararren mai gyaran bindiga ya kwance gindin bututun ya duba.