Auna gudun jini da altirasawun a kan allon FPGA mai araha

Shawarata ga mai son gwada wannan aiki ita ce kada ya fara da hoto mai kala. Fara da kan na'ura mai ƙwaya ɗaya, wato abin da ke harba sauti ya karɓi amonsa, ka nemo sautin Dofla tukuna, wato sauyin da amo ke samu idan ya dawo daga jini mai gudu.

Sauti na tafiyar mita 1540 a daƙiƙa cikin tsoka. Idan ka harba sauti mai megahaz 5 kan jinin da ke gudun rabin mita a daƙiƙa, a kusurwar digiri 60, amon zai dawo da sauyin kusan haz 1,600. Kunne ma na iya jin sa.

Ni na fi son allon Red Pitaya STEMlab 125-14, don guntunsa na Zynq 7010 ya haɗa FPGA (guntun da kake tsara da'irarsa da kanka) da ARM (ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da manhaja), allon kuma yana ɗaukar samfuri, wato awon sigina, miliyan 125 a daƙiƙa. Sai ka ƙara masa da'irar harba bugu, wato gajeren harbin sauti, da makarin da zai kare mashiga daga ƙarfin wutar, da amfilifaya irin AD8331 wadda za ka riƙa ƙara mata ƙarfi gwargwadon zurfi.

A nan ne nake roƙon ka natsu. Harbi da ɗaukar samfuri dole su fito daga agogo ɗaya. Dofla ba komai yake aunawa ba sai ɗan gocewar amo tsakanin wannan bugu da na gaba, don haka in lokacin harbi yana rawa ko kaɗan ne, za ka ga gudu inda babu abin da ke motsi. Bar FPGA ta riƙe wannan, ta sauko da siginar zuwa I da Q (sassa biyu da tare suke nuna ƙarfin amo da gocewarsa), ta tace, ta rage yawan samfuri kafin ta miƙa wa ARM. Ɗanyen bayani ya kai gigabit 1.75 a daƙiƙa, jigilarsa duka wahalar banza ce.

Yawan bugu a daƙiƙa ya ninka sauyin da kake nema aƙalla sau biyu, in ba haka ba gudun zai juye ya nuna baya. Zurfi kuma na taƙaita shi: a santimita 4 ba za ka wuce bugu kusan 19,000 a daƙiƙa ba.

Amon tsoka da bangon jijiya ya fi na jini ƙarfi nesa ba kusa ba. Tara bugu 8 zuwa 16 a kowane zurfi, ka cire matsakaicinsu, sannan ka bi hanyar da wani mai bincike, Kasai, da abokan aikinsa suka wallafa a 1985 wajen fitar da matsakaicin gudu. Tacewar in ta yi tsanani, jini mai tafiyar hawainiya ma zai ɓace.

Gwaji kuwa, ka nutsa siririn tiyo cikin ruwa, ƙaramin famfo na tura ruwan da aka dama da garin sitaci. Juya famfon, alamar gudun ta juya. Kada ka ɗora wa mutum na'urar da ba a auna ƙarfin sautinta ba, balle mai juna biyu ko ido.