Babi na 6: Giya, Taba da Wiwi, Yadda Ɗaya Ke Jawo Ɗaya

Darasi na 1

'Yan'uwa ɗalibai, mu karanta kalmomin nan tare, gaɓa-gaɓa: gi-ya, ta-ba, wi-wi. A sake. Madalla.

Ba tonon asirin kowa za mu yi ba. Wani zai yi aiki da darasin don kansa, wata don ɗanta, ko ƙaninta, ko maigidanta. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Najeriya, saboda haka ba gidanku kaɗai abin ya shafa ba.

Sau da yawa abubuwan nan uku tare suke tafiya. Giya tana rage wa mutum kamun kai, sai wanda ya yi niyyar kara biyu ya ƙarar da rabin kwali. Wasu kan gauraya wiwi da garin taba kafin su naɗa, don haka mutum zai ɗauka wiwi kaɗai ta kama shi, alhali jarabar nikotin, sinadarin da ke cikin taba, ma ta shige shi. In aka fara da giya sannan aka bi da wiwi, sinadarin wiwin ya fi yawa a jini. Daga nan sai jiri, zufa mai sanyi, amai, wani har faɗuwa. Giya da taba kuma in suka daɗe tare suna ninka haɗarin sankarar baki da maƙogwaro fiye da kowace ita kaɗai.

Darasi na 2: Jadawalin mako

Ka nemi littafin rubutu, biro da rula. Buɗe sabon shafi. Ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, wato a tsaye kamar turke, ba a kwance kamar tabarma ba. Yanzu kana da gida huɗu. A kan na farko, daga hagu, rubuta LOKACI. Na biyu WURI. Na uku ME. Na huɗu NAWA.

A gidan ME harafi ɗaya ya isa: G giya, T taba, W wiwi. A gidan NAWA, taba da kara ake ƙirga ta (kwali kara 20 ne), giya da kwalba ko leda, burukutu da ƙoƙo, wiwi da naɗi. Naɗin da aka sa wa garin taba, rubuta W da T duka. Wanda bai iya lamba ba tukuna ya ja ɗan sanda ɗaya ga kowane kara.

7:00 safe / tasha / T / 1
8:30 dare / majalisa / G / 2
9:00 dare / majalisa / W, T / 1

To, ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Ana rubutawa KAFIN a sha, ba bayan an sha ba. Littafi a hannu, sannan ashana. Giya da wiwi dukansu suna taɓa tunawa, wanda ya bari sai da safe zai rubuta uku a inda ya sha bakwai, kuma ba ƙarya ya yi niyya ba, mantawa ya yi. Akwai wani amfanin: ƙwaɗayin taba yakan taso ne kamar minti 3 zuwa 5 ya lafa. Kafin ka duba agogo, ka nemo biro, ka cike gida huɗu, wani lokaci ƙwaɗayin ya riga ya wuce.

Mu maimaita. Ka ji sha'awa. Ka ciro littafi. Ka duba agogo. Ka rubuta. Kafin, ba bayan ba. In ka manta yau, babu komai, gobe ka gyara, da rarrafe yaro ke tashi. Mai taimaka wa ɗan'uwa ma kada ta cike masa shafin da dare, ta tuna masa ya rubuta da hannunsa, kafin.

Amma fa a faɗi gaskiya. Akwai masu zuwa aji da shafin mako guda wanda aka rubuta da biro ɗaya, a zama ɗaya, a bakin ƙofar aji. Ana ganewa. Haba malam, wa ka ruɗa? Ba maki ake bayarwa ba, lafiyarka ce. Kafin ka kunna, rubuta.

Darasi na 3: Karanta abin da ka rubuta

Bayan kwana 7, ka zagaye harafin da ya fara zuwa kowane dare, da wurin da ya fi maimaituwa. Su ne ke jan sauran. Wannan wurin, a wannan lokacin, shi za ka fara ƙaurace wa.

Gargaɗi: wanda ke shan giya da yawa kullum, har hannunsa na rawa da safe, kada ya yanke ta farat ɗaya a gida. Cikin kwana 2 zuwa 3 yana iya yin jijjiga ko ruɗewa, kuma hakan na kisa. Ya kai littafinsa asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Dawanau ta Kano, da Maiduguri.

Darasi na 4

Barin wiwi da taba yakan zo da rashin barci, saurin fushi da mafarkai. Kwanakin farko sun fi wuya, yakan yi sauƙi bayan mako biyu ko fiye. Wanda ya bugu ya faɗi, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa komai. In bai farka ba, asibiti.

Darasi na 5

Aikin gida: jadawalin mako na biyu. A zo da littafi ranar Asabar.