Idan ka ajiye makirfo ka koma ofishin gwamnati

A nan Garwa, haka Marwa da Ngaundare a arewacin Kamaru, ba abin mamaki ba ne ka ji ɗan jarida ya bar gidan rediyo ya zama kakakin wani ofishi. Ni ban ga laifinsa ba. Albashin tsayayye ne, gwamnati kuma tana bukatar wanda ya iya yi wa talaka bayani. A Suwidin ma an yi haka: Alice Bah Kuhnke ta yi aiki a gidan talabijin na ƙasa, SVT, ta shugabanci hukumar matasa a 2013, sannan ta riƙe ma'aikatar al'adu da dimokuraɗiyya daga 2014 zuwa 2019. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunmu ke ƙetarawa.

Kafin ka sa hannu a takardar kama aiki, ka zauna da wayarka. Cikinta akwai lambar nas ɗin da ta taɓa gaya maka magani ya ƙare, da ta malamin makarantar da ya nuna maka ajin da rufinsa ya yaye. Sun yi magana ne da ɗan jarida, yanzu kuwa za ka zauna kusa da masu iya yi musu canjin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka ce ka canza aiki, su daina aiko maka da sirri. Ka goge tsofaffin saƙonninsu. In maigidanka ya ce, "Wa ya ba ka labarin nan na bara?", ka ce amana ce, ka tsaya a nan. A Suwidin tsarin mulki ne ya haramta wa hukuma binciken ma'aikacin da ya tsegunta wa jarida labari, kuma tun 1766 suke da dokar da ta buɗe takardun gwamnati ga jama'a. A nan kuwa, mutanenka ba su da wata garkuwa sai shirunka.

Daga nan ka koyi tafiyar takarda: wa ke dubawa, wa ke sa hannu, wa ke buga hatimi. A gidan rediyo ka saba da sauri, a ofis kuwa gaggawa tana iya cin aikinka.

Sanarwa za ta fito da Faransanci. Kada ka bar ta haka. Ka zauna ka mayar da ita Hausa da Fulatanci da kanka, ka kai wa gidajen rediyo, domin mai sayar da albasa a kasuwa ba ya karanta jaridar gwamnati, Cameroon Tribune. Ranar rigakafi, wurin da za a yi, da ko kyauta ne, su za ka sa a farko. Jerin sunayen manya ya biyo baya.

Tsofaffin abokan aikinka za su kira, wani lokaci da tsakar dare. Ka ɗauka. In an hana ka magana, ka ce, "Ɗan'uwa, ba ni da izinin faɗa yanzu." Kada ka yi musu ƙarya, don sun san muryarka. Ambulan ɗin kuɗin nan da muke kira gombo kuma, kada ya zama ta hannunka ake raba shi don a rufe labari. In an shirya taron manema labarai, ka gayyaci har wanda ya fi sukar ofishinku, ka kuma ba shi damar yin tambaya.